Cukun Faransa: Yadda Ake Ɗanɗana Shi da Abin da Ake Haɗa Shi da Shi, ga Wanda Ba Ya Shan Giya

Ranar farko da aka ajiye mini farantin cuku a Faransa, na ɗauka kuskure aka yi. Mun gama cin nama da dankali, an kwashe kwanuka, ina jiran kayan zaƙi, sai ga uwar gida ta fito da wani katako mai dunƙule biyar a kai. Wani fari fat kamar an barbaɗa masa gari, wani ruwan ɗorawa, wani kuma da ɗigo-ɗigon kore a cikinsa irin na burodin da ya kwana bakwai a leda. Warin da ya biyo su kuwa, sai da na saci kallon takalmana. Mai gida ya miƙo mini wuƙa ya ce baƙo ne ke fara yanka. Na yanki wanda ya fi kusa da ni, na jefa a baki, na haɗiye ba tauna, na kora da ruwa. Sai daga baya na gane cewa na fara da wanda ya kamata in ƙare da shi, kuma na yanke shi ta wurin da ba a yankewa.

Abin da ya warware mini matsalar daga baya shi ne daddawa. Wanda bai san ta ba, in ya shinshina ta ɗanya, zai rantse ba abin ci ba ce. Mu kuwa mun san abin da take yi wa miyar kuka. Cukun Faransa ma haka yake: madara ce da aka bari ta nuna a hannun ƙwayoyin halitta da gishiri da lokaci, kuma abin da hanci ke faɗa daban yake da abin da harshe zai tarar. Bahaushen da ya tashi da daddawa da nono mai tsami da man shanu ya riga ya yi rabin karatun. Ragowar rabin shi ne abin da ke tafe.

Mataki na farko: karanta takardar da ke jikinsa

Kafin ka kai hanci, kai ido. Abubuwa huɗu ake nema, kuma duka da Faransanci za ka gan su.

Na farko, madarar wace dabba ce. Vache saniya ce, chèvre akuya, brebis tunkiya. Wannan kaɗai ya ba ka labarin rabin ɗanɗanon: na saniya ya fi kusa da man shanu, na akuya fari ne tas mai ɗan tsami, na tunkiya kuwa ya fi maiƙo da ɗan zaƙi.

Na biyu, an dafa madarar ko ɗanya ce. Lait cru na nufin ɗanyar madara, lait pasteurisé kuma wadda aka ɗumama don kashe ƙwayoyin cuta. Manyan cukun Faransa da yawa da ɗanyar madara ake yin su, kuma nan ne sirrin ƙamshinsu yake. Amma hukumomin lafiya na Faransa da kansu suna ba da shawarar kada a ba yara 'yan ƙasa da shekara 5 da mata masu juna biyu cukun ɗanyar madara, in ban da masu tauri da aka dafa gudansu aka matse, irin su Comté da Beaufort. Wannan ba abin wasa ba ne, musamman in cukun ya yi doguwar tafiya kafin ya iso hannunka.

Na uku shi ne wanda Musulmi zai fi tsayawa a kai, wato abin da aka daskarar da madarar da shi. Fulani suna yin wara da ruwan tumfafiya. Faransawa kuwa bisa al'ada suna amfani da présure, wani sinadari da ake cirowa daga tumbin ɗan maraƙi mai shan nono, wanda littattafan fiƙihu ke kira infaha. Malamai sun saɓa game da infahar dabbar da ba a yanka ta yankan Musulunci ba: mazhabar Maliki da ta Shafi'i suna ɗaukar ta najasa, Abu Hanifa kuwa yana ganin tsarkinta, Ibn Taimiyya ma ya tafi a kan haka. Ni ba malami ba ne, ka tambayi naka. Abin da zan iya gaya maka shi ne yadda ake ganewa: in an rubuta présure ko présure animale, daga dabba ne. In an rubuta coagulant microbien, daga ƙwayoyin halitta aka samo shi, ba dabba a ciki. Kusan dukkan cukun gargajiya masu suna da présure ake yin su, na masana'anta ne aka fi samu da ɗayan.

Akwai kuma 'yan cuku da ake wanke bayansu da giya yayin da suke nuna. Fitacce a cikinsu shi ne Époisses na yankin Bourgogne, wanda ake shafe shi da marc, wata barasa mai ƙarfi da ake tatsa daga dusar inabi. Duk inda ka ga affiné au marc, au vin, à la bière, au cidre ko au calvados, wato da wata giya aka wanke shi yana nuna, ajiye shi. Munster da Maroilles, duk da warinsu, ruwan gishiri ne asalin wankinsu.

Na huɗu, wani ɗan tambari mai launin ja da ɗorawa da aka rubuta AOP. Alama ce cewa an yi cukun a yankinsa na asali, bisa dokokin da aka rubuta: irin shanun, abin da suke ci, kwanakin nuna. Roquefort ne cuku na farko da doka ta kare sunansa, tun 1925, yanzu kuma sun haura 40. Amfanin tambarin a aikace shi ne ya raba maka ainihi da kwaikwayo. Kowa na iya rubuta camembert a kwali, amma Camembert de Normandie mai AOP dole a yi shi a Normandie da ɗanyar madara. In ka ɗanɗana su jere da juna ba sai an yi maka bayani ba.

Mataki na biyu: zaɓi kaɗan, amma su bambanta

Kada ka sayi guda goma. Harshe yana gajiya, aljihu ma haka. Faransawa sukan ajiye uku ko biyar ko bakwai, ga mai koyo kuwa biyar sun isa, kowanne daga gida daban: na akuya ɗaya, mai farin ɓawo ɗaya, mai tauri ɗaya, mai wankakken ɓawo ɗaya, mai kore ɗaya. Ni jerin da nake bai wa duk wanda ya tambaye ni shi ne Crottin de Chavignol ko Sainte-Maure de Touraine, sai Camembert ko Brie de Meaux, sai Comté, sai Reblochon ko Munster, sai Roquefort. Giram 20 zuwa 30 na kowanne ya ishi mutum ɗaya.

In kana Faransa, je wurin mai sayar da cuku zalla, fromager, ko kasuwar mako ta unguwa. Gaya masa yaushe za ka ci, yau ko jibi, zai latsa ya zaɓo maka wanda nunarsa ta dace, kamar yadda mai kankana ke yi. In kuwa a manyan kantunan Yamai ko Abuja ko Kano kake saye, ka fi karkata ga masu tauri, ka kuma duba ledar. Wadda ta kumbura, ko ta tara ruwa, ko cukun ya yi gumin mai a ciki, alama ce sanyi ya yanke masa a hanya.

Wannan mai hoton jar saniya tana dariya da aka saba shafawa a burodi a Nijar, La Vache qui rit, shi ma ɗan Faransa ne, daga yankin Jura, tun 1921. Amma narkakken cuku ne na masana'anta, ba shi cikin wannan karatun.

Mataki na uku: fito da shi, ka yanka daidai

Cuku mai sanyi bebe ne. Sanyi yana daskarar da maiƙon, ƙamshin kuma a cikin maiƙon yake. A Faransa ana fito da shi daga firji kamar awa ɗaya kafin ci. A zafin ƙasarmu minti 20 zuwa 30 sun isa, a watan Afrilu ma kwata ya isa ga masu laushi, in ba haka ba ka tarar da Camembert ya malale a faranti. Rufe shi da kwano saboda ƙuda.

Dokar yanka guda ce: kowa ya samu rabonsa na tsakiya da na ɓawo, domin cuku ba ya nuna bai ɗaya. Mai da'ira irin Camembert da Reblochon, daga tsakiya zuwa baki ake yanka shi, tsinke-tsinke. In yanki ne mai tsini na Brie, bi tsawonsa ka yanki siriri. Sare tsinin gaba ɗaya, wanda shi ne laifin da na yi a ranar farko, daidai yake da mutum ya tsame tsokar da ke tsakiyar kwanon tarayya ya bar wa mutane ƙashi. Ba wanda zai ce maka uffan, amma an gani. Roquefort ma korensa a tsakiya ya fi yawa, don haka a yanka shi ta yadda na ƙarshe ba zai tashi da farin gefe kaɗai ba. Mai siffar sanda kuma a yanka shi ƙawanya-ƙawanya. Wuƙar da ta taɓa Roquefort kada ta taɓa wani sai an goge ta.

Mataki na huɗu: ɗanɗanawa

Tanadi ruwa mara sanyi sosai da burodi mara sukari. Burodinmu na leda mai zaƙi ba zai yi ba, nemi baget ko wani mai ɓawo. Kada ka ci goro ko yaji ko ka sha kofi kafin zama, kuma turare ya jira. Jerin kuwa daga mai sauƙi ne zuwa mai ƙarfi, ba a komawa baya.

Kowane yanki, ka bi shi haka: duba launi, latsa da yatsa, shinshina ɓawon, sannan ka ɓalla shi ka shinshina cikin, domin sau da yawa ba su da alaƙa. Sa ɗan kaɗan a harshe, shi kaɗai ba burodi. Tauna a hankali, ka murza shi a ganɗa har ya narke, ka rufe baki ka fitar da numfashi ta hanci. A wannan numfashin ne ainihin ƙamshin yake fitowa. Bayan ka haɗiye, ka yi shiru ka ƙirga. Cuku mai kyau yana zama a baki bayan ya wuce, kuma abin da ya bari yakan bambanta da abin da ya shigo da shi.

Fara da na akuya. Crottin de Chavignol ɗan dunƙule ne da bai wuce giram 60 da ɗoriya ba, daga kusa da garin Sancerre. In sabo ne, cikinsa fari ne mai ɗan gari-gari, yana manne wa ganɗa, tsaminsa kamar kindirmon da aka ɗiga wa lemun tsami. In ya tsufa sai ya ƙanƙance ya yi tauri, warin bunsuru ya fito fili, wanda duk wanda ya taɓa kwana kusa da garke zai gane nan take. Sainte-Maure kuwa sanda ce mai toka-toka a baya, da karan hatsi a tsakiyarta. Zare karan kafin ka yanka.

Camembert na biye. Nauyinsa giram 250 ne, a ɗan akwatin katako. Latsa tsakiyarsa: in ya yi tauri, ka yanka ka ga farin layi kamar alli a ciki, bai gama nuna ba, tsami da gishiri kawai za ka ji. In ya nuna, cikin zai zama ruwan ƙwai, ya kumburo a bakin yanka ba tare da ya zuba ba. Ƙamshinsa na ƙasa ne bayan ruwan farko, da dafaffen kabeji, da ɗan warin turke. Ana cin ɓawonsa. In kuwa ya buge ka a hanci da wari mai yaji irin na fitsarin da ya kwana, ya wuce lokacinsa, kuma ba jarumta ba ce cinye shi. Brie de Meaux ɗan'uwansa ne daga gabashin Faris, ya fi shi faɗi nesa ba kusa ba, ya kuma fi shi sanyin hali.

Comté shi ne wanda nake cewa a fara bai wa Bahaushe, don ban taɓa ganin wanda ya tofar da shi ba. Daga tsaunukan Jura yake, kan iyaka da Suwizalan. Dunƙule ɗaya yana kai kilo 40, kuma yana cin madara kusan lita 400, abin da ya fi ƙarfin garken mutum ɗaya. Shi ya sa tun ƙarnoni da suka wuce manoman ƙauye suke haɗa madararsu a wuri ɗaya da suke kira fruitière, su yi cukun tare su raba riba. Shanun Montbéliarde ne akasari, ana dafa gudan a tukunyar tagulla, kuma doka ta hana sayar da shi kafin ya cika wata 4 yana nuna. Kafin ya fita kasuwa ana ba shi maki cikin 20: wanda ya haura 14 ana ɗaura masa koren ƙyalle a gefe, na 12 zuwa 14 ruwan ƙasa. Launin ƙyallen maki yake nunawa, ba shekaru ba, mutane da yawa suna rikita wannan.

A baki, kalmar da ta dace da Comté muna da ita a Hausa, wato gardi. Mai wata 6 zuwa 8 yana da danƙo, ɗanɗanonsa na tafasasshiyar madara da man shanu sabo. Mai wata 18 ko 24 yana ɓarewa, gardinsa irin na soyayyar gyaɗa ne da albasar da ta yi ja a mai, da wani abu mai kama da romon nama a ƙarshe. Za ka ji 'yan ƙananan tsakuwoyi suna ƙaras-ƙaras a haƙori. Ba gishiri ba ne, ba kuma yashi ba, wani sinadarin furotin ne da ke dunƙulewa in cuku ya daɗe, kuma masana murna suke yi da shi. Launi ma yana magana: ruwan ɗorawa mai ƙarfi na madarar lokacin ɗanyar ciyawa ne, mai haske kuma na lokacin sanyi da shanu ke cin busasshiya. Makiyayi zai gane wannan, don man shanun damina da na rani ba launinsu ɗaya ba. In kana da hali, sayi Comté biyu masu shekaru daban ka ci su jere. Wannan kaɗai darasi ne cikakke. Ɓawonsa dai a yanke a zubar.

Na huɗu su ne masu wankakken ɓawo, 'yan gidan wari. Reblochon na Savoie shi ne mai ladabi a cikinsu. Sunansa ya samo asali ne daga wata dabara ta manoman da: mai ƙasa yakan karɓi haya gwargwadon madarar da aka tatsa a gabansa, sai su ƙi tatse shanun duka, in ya tafi su koma su ƙarasa. Wannan tatsa ta biyu, mai kauri da maiƙo, ita suke yin cukun da ita. A jikinsa za ka ga ɗan tambari: kore na nufin a gona aka yi shi da madarar garke ɗaya, ja kuma a wurin haɗa madara. Yana da santsi, da gardin aya. Munster na tsaunukan Vosges kuwa shi ne mai sa a buɗe taga. Ɓawonsa ruwan lemo ne, yana danƙo a yatsa, warinsa na safa ne ba ɓoye-ɓoye. Amma daure ka kai baki: laushi, maiƙo, ɗan zaƙi, da gishiri daidai. A nan ne misalin daddawa ya fi zama daram.

Roquefort ne rufe taro. Madarar tumakin Lacaune ce, kuma dole ya nuna a kogunan dutsen Combalou da ke ƙauyen Roquefort-sur-Soulzon a kudancin Faransa, inda tsage-tsagen dutse ke shigo da iska mai sanyi da laima duk shekara. Koren da ke cikinsa funfuna ce da aka sa da gangan, Penicillium roqueforti, kuma ba a sayar da shi sai ya kai kwana 90. Ɗauki ɗan mitsitsi. Gishiri ne zai fara dukan ka, sai wani yaji da ba na barkono ba ya hau hanci, sai kuma maiƙon tunkiya ya narke ya kwantar da su duka. In ya fi ƙarfinka a karon farko, koma ga Fourme d'Ambert, mai kore ne shi ma amma na madarar saniya, ya fi sauƙi ƙwarai.

Rubuta abin da ka ji, ko da kalma uku ce, da kalmominka. In ya tuna maka da ƙuli-ƙuli, rubuta ƙuli-ƙuli.

Mataki na biyar: abin haɗi

A teburin Faransawa cuku yana zuwa bayan babban abinci, kafin kayan zaƙi, kuma galibi da giyar inabi a gefe. Suna da haɗe-haɗen da suka zama al'ada: Chavignol da farar giyar Sancerre mai tsami, Comté da vin jaune na Jura, Munster da Gewurztraminer mai ƙamshi ta Alsace, Roquefort da Sauternes mai zaƙi ta yankin Bordeaux, Camembert kuma da cidre, giyar tuffa ta Normandie. Na kawo su ne don dalilin da ke ƙarƙashinsu, wanda ba ya buƙatar ko ɗigon barasa. Tsami yana wanke maiƙo daga harshe. Zaƙi yana kwantar da gishiri. Mai ƙarfi sai mai ƙarfi. Kuma abin da ya fito daga ƙasa ɗaya yakan jitu.

Da wannan a hannu, ga abin da na gwada ya zauna mini.

Na akuya yana son tsami mai haske. Ruwa mai gas da aka matsa wa lemun tsami ya ishe shi. In kana son abinci sosai, ɗora ƙawanyarsa a kan yankin burodi, gasa har ya fara narkewa, ɗiga zuma, ka ci da ganyen latas. Ƙananan gidajen abinci da yawa a Faransa suna sayar da wannan, amma tambaya ko sun zuba lardons, wato gutsattsarin naman alade, don sukan yi.

Camembert da Brie, ruwan tuffa mara ƙarin sukari, wanda aka rubuta jus de pomme, mai gas in ka samu. Lura da kyau: cidre giya ce, ko da kwalbar ta yi kama da ta lemo. Yankakkiyar tuffa ɗanya ma tana yi. Abin da ba ya yi shi ne shayi mai ƙarfi. Baurin shayi, irin wanda goro ke bari a baki, in ya haɗu da farin ɓawo sai ya koma ɗaci kamar ka lashi ƙarfe. Masana giya ma suna faɗar haka game da jar giya mai bauri, shi ya sa da yawansu suka fi son fara a kan cuku.

Amma shayin nan yana da inda yake sarauta, wato kan masu tauri. Mutanen Agadas da Tawa sun daɗe suna cin busasshen cukunsu mai faɗi da shayi, Buzaye kuma suna daka shi da gero da dabino. Gwada tsohon Comté da kofi na biyu na shayin buta, wanda ɗacinsa ya sauka zaƙinsa ya fito, ka sa dabino da soyayyar gyaɗa mara gishiri a gefe. A ganina wannan ya fi duk wani haɗi da na gwada, kuma na ga Bafaranshe ya nemi ƙari.

Zoɓo yana da tsami da ɗan bauri da ƙamshin 'ya'yan itace, don haka wurinsa shi ne cukun tunkiya mai tauri, Ossau-Iraty na ƙasar Basque da Béarn, wanda mutanen can suke ci da jam ɗin baƙar cerise, wato ƙananan 'ya'yan itace da aka dafa da sukari har suka yi kauri. Dafa zoɓon ba citta ba kanumfari, sukari kaɗan. Da Camembert kuwa kada ka soma.

Munster a gidansu da dafaffen dankalin Turawa mai zafi ake cin sa, da 'ya'yan cumin ko carvi, wasu ƙananan kayan ƙamshi, a gefe ana dangwala. Shi kaɗai ne a jerin da ke iya tsayawa gaban ruwan citta, in ba a cika yajin ba.

Roquefort kuma zaƙi yake nema, kuma ba kaɗan ba: zuma, dabino mai laushi, busasshen ɓaure, ko ruwan farin inabi mai sanyi. Tsaga dabino, cire ƙwallon, cusa ɗan Roquefort a gurbinsa. Wasu Faransawa suna shafa man shanu a burodi kafin su ɗora shi don rage kaifinsa, wasu kuma suna ganin hakan cin fuska ne. Ni ina tare da masu man shanu.

Abubuwan da na gwada suka ƙi: kunun aya da fura da nono, domin maiƙo a kan maiƙo ne, baki ya toshe. Lemon kwalba yana kashe komai da sukari. Kilishi kuma yajinsa ba ya barin kowa ya yi magana, sai dai ka ci shi daban.

In an miƙo maka kwalbar da aka ce ba giya a ciki, duba lamba. A Faransa ana iya rubuta sans alcool a kan giyar hatsi mai barasa har zuwa kashi 1.2 cikin ɗari, giyar inabin da aka cire wa barasa kuma tana iya riƙe har kashi 0.5. Wanda ke gudun shubuha ya tsaya ga jus de raisin, ruwan inabi da bai taɓa zama giya ba.

Sai tarkon dafaffen abinci, musamman a tsaunuka lokacin sanyi. Tartiflette dankali ne da Reblochon, amma da naman alade. Fondue, narkakken cuku da ake tsoma burodi a ciki, da farar giya ake narka ta. Raclette, cukun da ake narkawa a zuba a kan dankali, cukun kansa ba matsala, naman da ake jerawa a gefe ne akasari na alade. Mont d'Or, wani cuku mai laushi da ake sayarwa daga 10 ga Satumba zuwa 10 ga Mayu kawai, in za a gasa shi a akwatinsa sukan huda tsakiya su zuba giya. A gidanka duk kana iya gyara su: soyayyar albasa da kyafaffen naman sa ko na talotalo a tartiflette, tafarnuwa kaɗai a Mont d'Or.

Ragowar

Kada ka naɗe cuku a leda ka ƙulle, yana numfashi, in ka toshe shi sai ya yi gumi ya yi ɗaci. Mayar da kowanne cikin takardarsa, ka sa a akwatin kayan lambu na ƙasan firji, Roquefort da Munster kowanne a rufaffen kwanonsa, in ba haka ba ruwan shan gidan ma sai ya ɗauki wari. Masu laushi a cinye su cikin kwana uku ko huɗu da yankawa. Comté yana kai mako biyu ko fiye, in ɗan fari ya fito a fuskarsa a kankare da wuƙa. Inda wuta ke yawan ɗaukewa, sayi mai laushi ranar da za ka ci shi kawai.

Mai dawowa gida da tsaraba ya ce wa fromager ya rufe masa sous vide, wato a zuƙe iskar ledar, ya kuma tsaya ga masu tauri: Comté, Beaufort, Ossau-Iraty, ko tsohuwar Mimolette mai ruwan lemo ta yankin Lille. A sa su cikin jakar da za ta shiga ƙasan jirgi, a tsakiyar tufafi. Gutsattsarin da suka bushe a ƙarshe kuma a goge su a kan taliya mai zafi ko a wainar ƙwai.